Zinare na gwamnati, guba ta mutanen gari: nazarin annobar dalma a Zamfara

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka fara jin labarin wata irin mutuwa da ba ta yi kama da ta sanƙarau ba. A wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne ke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga ta biyo baya, sai ya shiɗe, kafin a ankara rai ya yi halinsa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na kashe ƙwayoyin cuta, babu sauƙi. Sai da aka ɗebi jinin wasu yaran aka aika ɗakin gwaji a Jamus sannan aka gane cewa gubar dalma ce, kuma da yawan da likitocin ba su saba gani a jikin mai rai ba.

Cikin 'yan watanni yara sama da 400 sun rasu. Da jami'an hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, sun tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin su cika. Cikin waɗanda suka rage aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna ɗauke da dalmar da ta kai ko ta wuce maikurogiram 45 a kowace desilita, matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba. A lokacin, yaron da ya kai 10 ma abin damuwa ne. Na'urar gwaji ta tafi-da-gidanka da aka zo da ita ba ta iya karanta abin da ya haura 65, don haka a kan yara da yawa iyakar abin da take nunawa shi ne abin ya wuce ƙarfinta.

Dalmar daga cikin dutsen zinare ta fito. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin akwai zinare a ƙasarsu, tun shekarun 1930 Turawa suka haƙa a sassan lardin Sakkwato, da Birnin Gwari, da kewayen Minna. Abin da ya sauya shi ne farashi. Ozar zinare da ake sayarwa kusan dala 450 a 2005 ta haura dala 1,200 a 2010. Manomin da gero da dawarsa ba sa kai shi ƙarshen shekara ya ga cewa buhun dutse zai iya kawo masa abin da gona ba ta kawowa. Maza suka shiga ramuka, ana ɗauko dutsen a buhuna bisa babura zuwa cikin gari. A fasa shi da guduma, a niƙa a injin niƙan hatsi, a wanke garin, a haɗa da zaiba don ta kama zinaren, a ƙona. Sai aka yi rashin sa'a jijiyar dutsen da aka faɗa wa tana cike da dalma, kuma niƙan a bushe ake yin sa, ƙura tana tashi tana sauka a ko'ina.

Yawancin gidaje a waɗannan ƙauyuka biyu a cikin gida suke wani sashe na aikin. Dalili a fili yake ga duk wanda ya san ƙauyen Hausa. Matan aure suna cikin kulle, sana'arsu a tsakar gida take, kuma dakan dutse sana'a ce da ke kawo kuɗi a hannu. Da turmin da ake surfe ake dakan dutsen, a tsakar gidan da yaro ke rarrafe ake shanya garin. Yaro kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai shi, kuma cikinsa ya fi na babba tsotse dalma. A wasu wurare an auna ƙasa aka samu dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga wurin wasan yara 400 ne. Mutane sun lura agwagin gari sun fara mutuwa tun kafin yara, amma babu wanda ya taɓa zuwa ya gaya musu abin da hakan ke nufi. Ban ga laifin uwar da ta daka dutse don ta sayi sabulu da magani ba. Ba ta san abin da ke cikinsa ba, kuma hukumar da aikinta ne ta sani ba ta taɓa taka ƙafa garin ba.

Wa ke da dutsen?

Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinai da mai da iskar gas da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kuma haƙar ma'adinai tana cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar ma'adinai ta 2007 ta maimaita wannan a sashenta na farko, ta ƙara da cewa amfani da ƙasa don haƙar ma'adinai yana gaba da sauran amfani. Ƙasar kanta, wadda ake nomawa ake gina gida a kai, dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ta a hannun gwamna. Tsarin ya girmi Najeriya mai 'yanci. Dokokin ma'adinai na 1916 da 1946 sun mallaka wa Sarautar Ingila komai, kuma tun a 1900, lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga kamfanin Royal Niger, an yi wa kamfanin alkawarin rabin harajin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Babu wanda ya tambayi mutanen da ke zaune a kan ƙasar a wancan lokaci, kuma da aka sami 'yanci sunan mai mallaka kawai aka sauya.

To mutumin Dareta ko 'Yargalma, ƙauyukan da annobar ta shafa, me ya rage masa? A takarda akwai 'yan abubuwa. Kamfanin da ke neman lasisi sai ya sami yardar mai gona ko mazaunin wurin. Akwai kuɗin hayar fili da diyyar amfanin gona. Sashe na 116 ya wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, a riƙa sake duba ta duk shekara biyar. Sashe na 19 ya tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Dokar ta kuma ce ƙananan masu haƙa su haɗu su kafa ƙungiyoyin gama-kai, su yi rajista, gwamnati ta koya musu aiki da hanyoyin kare lafiya.

Duk waɗannan an rubuta su ne da kamfani a zuciya, kamfani mai ofis da lauya da takardu. A Anka da Bukkuyum na 2010 mutanen gari ne da kansu suke haƙa, da diga da shebur, ba su da lasisi, ba su san hanyar ofishin da ke bayar da shi a Abuja ba. A idon doka masu laifi ne. Wannan lakabi ya yi ɓarna iri biyu. Ta ɗaya gefen ya ba hukuma uzurin kawar da kai, tunda wanda ba shi da rajista ba ya cikin lissafinta, babu jami'in da zai je ya duba dutsen da yake niƙawa. Ta ɗaya gefen ya sa mutanen gari tsoro. Masu aikin agaji sun ba da labarin cewa a wasu ƙauyuka an riƙa ɓoye yawan mace-macen, ana musun cewa ana niƙan dutse, don gudun kada gwamnati ta zo ta hana sana'ar. Uba ya binne ɗansa ya yi shiru saboda yana tsoron a raba shi da abincin sauran 'ya'yan. Dokar da ta kai talaka ga irin wannan zaɓi tana da kaso a cikin alhakin abin da ya biyo baya.

Zinaren kuwa bai taɓa rasa mai saye ba. Dillalai suna zuwa har bakin rami da ma'auninsu, su saya da arha, ya bi hannu-hannu ya fice daga ƙasar, galibi ba tare da ya bi ta kan takardar gwamnati ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shara da magani

Maganin da ake ba yaran, wanda ke kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, ba ya amfani idan yaron zai koma ya ci gaba da rarrafe a ƙasa mai guba. Saboda haka MSF ta kafa sharaɗi: sai an share gari kafin a fara ba yaransa magani a gida. Kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics da cibiyar Blacksmith daga Amurka, tare da ma'aikatar muhalli ta jihar, suka tsara aikin. Ba wata na'ura ta musamman aka kawo ba. Matasan gari aka ɗauka aiki, da fartanya da baro, a kankare saman ƙasar tsakar gida da ɗakuna da lunguna, a zuba a buhu a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010 ana tsere da damina, daga baya aka yi Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke da Duza zuwa farkon 2011.

Akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa a nan, domin shi ne ya fi komai saurin rage mutuwar. Injinan niƙa sun bar cikin gari ne da umarnin sarakuna. Masarautu suka yi magana, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka bi gida-gida, malamai suka faɗa a masallaci, aka fitar da aikin dutse zuwa bayan gari. Shiga gidan matan aure a kankare ƙasar ɗakinsu ba abu ne da baƙo zai yi da takardar Abuja ba, sai da yardar maigida da sa bakin dagaci, kuma sai da aka sa mata cikin masu wayar da kai. Waɗannan mutane da dokar ma'adinai ba ta ba su wani iko a kan dutsen ba, su ne suka iya aiwatar da abin da mai dutsen bai iya ba.

Sai aka zo kan Bagega, gari mafi girma a cikinsu, wanda ke da babban filin niƙan dutse da masu haƙa ke kawo kaya daga wurare daban-daban. Kuɗin masu ba da agaji ya ƙare. Aka ce yanzu sai gwamnati. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin bai fito ba. A Fabrairun 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da bincikenta, ta ce dubban yara na cikin haɗari. A Mayun wannan shekara aka shirya babban taro a Abuja kan lamarin, masana suka zo daga ƙasashe, ministocin ma'adinai da muhalli da lafiya ba su halarta ba, abin da MSF ta fito fili ta koka a kai. Duk tsawon wannan lokaci kimanin yara 1,500 a Bagega suna jiran magani, likitoci suna nan kusa a Anka, maganin yana nan, amma ba za a iya ba su ba saboda ba a kankare ƙasar gidajensu ba.

Kuɗin ya fito ne a ƙarshen Janairun 2013, bayan wasu matasa 'yan Najeriya, cikinsu har da Hamzat Lawal, sun ɗauki maganar zuwa shafukan sada zumunta da kiran a ceci Bagega, suka cika shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan da tambaya, kuma Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na majalisar dattawa a lokacin, ya je garin da kansa. Aka raba kuɗin tsakanin ma'aikatu uku, aka yi sharar a 2013, aka fara ba yara magani. Aikin da ya ɗauki 'yan watanni ya jira kusan shekara uku. Dalma kuwa idan ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa, kowane wata na jira yana da yaran da ya tafi da basirarsu ko ganinsu ko ƙafafunsu.

Sakamakon aikin ya nuna abin da ke yiwuwa. A ƙauyuka takwas an kwashe gurɓatacciyar ƙasa fiye da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki sama da 800, kuma matsakaicin dalmar da ke jinin yaran da ake kula da su ya sauko daga kusan maikurogiram 149 zuwa 15 a kowace desilita cikin shekara huɗu. Amma darasin bai tsallaka iyakar jiha ba. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, nan ma aka yi ta jiran kuɗin shara. Daga baya ne aka gwada koya wa masu haƙa niƙa da ruwa don kashe ƙura, da wanka da sauya tufafi a wurin aiki kafin a koma gida, kuma inda aka yi hakan dalmar jinin masu aikin ta ragu. Wannan shi ne ainihin koyarwar da dokar 2007 ta ce gwamnati za ta yi, ƙungiyoyin waje ne suka fara yin ta bayan an binne ɗaruruwan yara.

Haramci

Daga wajen 2011 rikicin 'yan bindiga ya fara cin Zamfara, ya yi ta girma har hanyar Anka zuwa Bagega ta zama abin tsoro. A Afrilun 2019 Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, tana cewa akwai alaƙa tsakanin haƙar zinare da ta'addancin. A Maris na 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, aka ƙara da hana jirage shawagi a sararin jihar.

A ganina haramcin maimaita kuskuren 2010 ne da babbar murya. Wanda ke da lasisi da adireshi ya tattara kayansa ya tafi, domin shi ake iya kamawa. Ramukan ba su rufe ba. Wanda ke da bindiga ya gaje su, yana karɓar kaso daga masu haƙa ko yana tilasta wa mutanen ƙauye su yi masa aiki. Talakan da dā yake haƙa a fili yana iya sauraren mai wayar da kai, yanzu ya koma yi a ɓoye, kuma wuri mafi sauƙin ɓoye dutse shi ne cikin gida, inda aka sha wahalar fitar da shi. Ita kanta gwamnati, lokacin da ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin a Disambar 2024, ta amince cewa ya bar fili ga masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba.

A tsakiyar wannan haramci aka yi wani abu da ya fito da matsalar a fili. A Yulin 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka tattaro daga ƙananan masu haƙa na cikin gida, Babban Bankin Najeriya ya saye ta a kan naira miliyan 268 don ajiyar ƙasa. Da maganar cinikin zinare tsakanin gwamnatin Zamfara ta Gwamna Bello Matawalle da babban bankin ta fito a wannan shekara, shugabannin yankin Neja Delta suka tayar da jijiyar wuya: don me Zamfara za ta ci zinarenta alhali man fetur ɗinsu na kowa ne? Tambayar tana da tushe, kuma mutanen Ogoni da Bayelsa sun fi kowa sanin zafin zama a kan arzikin da ke kashe gona da ruwa. Sai dai muhawarar ta tsaya ne tsakanin gwamnoni da Abuja, kan wa zai riƙe kuɗin. Kason 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ware wa jihar da aka samo arziki a cikinta yana tsayawa a asusun jiha, babu dokar da ta ce wani abu daga ciki ya gangara zuwa garin da aka haƙo dutsen. Dokar man fetur ta 2021 aƙalla ta tilasta wa kamfanoni su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara a asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu. Mutanen Neja Delta sun ce ya yi kaɗan, kuma suna da gaskiya, amma garuruwan ma'adinai ko wannan ƙayyadadden kaso ba su da shi. Abin da suke da shi yarjejeniya ce da ake yi da kamfani, idan akwai kamfanin, kuma sau da yawa mutum biyu ko uku ne ke sa hannu a madadin gari ba tare da an karanta wa jama'a abin da ke ciki da harshen da suke ji ba.

Gyaran ba ya buƙatar a jira sauya tsarin mulki. Rajistar ƙaramin mai haƙa za a iya kawo ta hedikwatar ƙaramar hukuma, da Hausa, da kuɗin da ƙungiyar mutum ashirin za ta iya biya. Kafin a ba wani lasisi a kan gonakin gari, a tara jama'a a ƙofar fada a karanta musu iyakar wurin da sharuɗɗan, mata ma a ji ta bakinsu tunda su da 'ya'yansu ne suka fi shan ƙurar. Duk sabon ramin da aka buɗe a gwada dutsensa, na'urar da ke auna dalma a ƙasa da dutse a hannu ake riƙe ta, cikin minti kaɗan take ba da amsa. Wurin niƙa ya kasance a bayan gari, da ruwa, da wurin wanka, a ƙarƙashin kulawar masu haƙa da dagaci, hukuma tana zuwa dubawa. Wanda kuma ya sayi zinaren, ko dillali ne ko babban banki, a cire wani abu daga cinikin a ajiye don gwajin jinin yara da shara idan ta kama, kada a sake zama ana jiran sa hannun shugaban ƙasa shekara uku.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin Jihar Zamfara bayan fiye da shekara goma sha ɗaya, ta gwada yara sama da 8,000, dubbai daga cikinsu sun sha maganin fitar da guba. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu da makanta, wasu da shanyewar jiki, wasu da raunin fahimta da zai bi su har tsufa, a yankin da makarantar yara masu lafiya ma ke rufe saboda 'yan bindiga. Kula da su ya faɗa kan iyayensu. A Afrilun 2025, wata huɗu kacal bayan ɗage haramcin, aka sake samun rahoton gubar dalma a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ma'aikatar ma'adinai ta umarci masu haƙa su bar wuraren aiki har sai ta fitar da ƙa'idojin da za a bi.